Kyaututtukan Fina-finan Hausa a Ma'aunin Tarke: Waiwaye Daga Zangon Agege

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ya zama wani babban reshe na adabin Hausa na zamani. Sai dai mafi yawan kyaututtukan da ake ji da su a wannan fage ba a ƙasar Hausa ake bayar da su ba. Manufar wannan maƙala ita ce duba wasu fina-finan da aka karrama, domin a gano ko sun cancanta, da kuma irin ma'aunin da aka auna su da shi. An ɗauki Agege a matsayin madubi saboda Hausawan wannan zango, waɗanda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka zaunar da kakanninsu a Legas, suna gari ɗaya da masu raba kyaututtukan, kuma su ne masu harshen da ake karramawa.

2.0 Ire-iren Kyaututtukan

Akwai kafofi uku da suka fi shafar fim ɗin Hausa. Ta farko ita ce AMAA, wadda marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta assasa a 2005. A nan ne Ali Nuhu ya sami kyautar tauraro mai tasowa a 2007 da fim ɗin Sitanda. Ta biyu ita ce AMVCA, wadda aka fara a Legas a 2013, inda alƙalai ke yanke hukunci a wasu rukunai, 'yan kallo kuma su kaɗa ƙuri'a a wasu. Ta uku ita ce zaɓen fim ɗin da zai wakilci Nijeriya a gasar Oska ta Amurka.

Wannan ta ukun tana da tarihin da ya shafi masana harshe kai tsaye. A 2019 an cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar, saboda ƙa'ida ta ce dole fiye da rabin zantukan fim su kasance ba da Turanci ba. Bayan haka, sau biyu aka tura fim ɗin da Hausa ta fi yawa a cikinsa: The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020, da Mai Martaba na Prince Daniel a 2024. Babu wanda ya shiga jerin waɗanda aka tace daga cikinsu.

3.0 Ina Cancantar Take?

A tarken adabi, ana duba jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe. A fim kuwa ana ƙara fasahar ɗaukar hoto da sauti. Idan aka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, za a ga amsar ba guda ba ce.

Ta fuskar fasaha, yabon gwani ya zama dole. The Milkmaid, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, ya bar tsaunuka da makiyaya sun yi magana da kansu, kuma rawar da Maryam Booth ta taka a matsayin Zainab ta isa kyautar mataimakiyar tauraruwa da AMAA ta ba ta a 2020. Haka nan Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, ya nuna ana iya kashe kuɗi da lokaci a kan sutura da dawaki da fada. Mai cewa waɗannan ba su fi fim ɗin da aka harhaɗa cikin mako biyu ba, bai yi adalci ba.

Ta fuskar jigo ne tambaya ta fara tasowa. The Milkmaid ya ci kyautar gwarzon fim a AMAA ta 2020, Voiceless kuma ya ci rukunin Hausa a AMVCA ta 2022, alhali dukkansu a kan ta'addanci da sace 'yan mata aka gina su. Ba laifi ba ne a yi fim a kan wannan musiba, domin ta faru. Abin lura shi ne wanda Bayarabe maƙwabcinsa bai san Arewa ba sai ta allon talabijin, wato mazaunin Agege ko Idi-Araba ko Obalende, shi ke ɗaukar nauyin wannan hoto a kasuwa da cikin mota. Duk da haka ba a ce kullum haka abin yake ba, tun da Mansoor na Ali Nuhu, wanda jigonsa neman asali ne, ya ci wannan rukuni a 2018.

Ta fuskar harshe kuwa, nan ne gizo ke saƙar. Ƙa'idar Oska yawan zantuka take ƙidayawa, ba ingancinsu ba. Sannan duk alƙalin da ba ya jin Hausa, fassarar Turancin da ke ƙasan allo yake karantawa. Ita kuwa fassara ba ta nuna bambancin Sakkwatanci da Kananci, ba ta bayyana habaici ko zaurance ko alkunya, ba ta kuma tona asirin tauraron da ya gajarta wasali mai tsawo ko ya karya karin sauti. Bafaden da ya yi wa sarki magana da bakin 'yan tasha zai wuce lafiya a fassara, amma ba zai wuce a majalisar mai shayi a Agege ba. Ke nan ana iya ba fim kyauta da sunan harshe ba tare da an auna harshen ba.

A 2024 lamarin ya ƙara tsananta, domin AMVCA ta haɗe rukunan harsuna zuwa na yankuna. Hausa ta shiga rukunin Afirka ta Yamma, fim ɗin Yarabanci Jagun Jagun kuma ya lashe. Idan aka jera harsuna daban-daban a faifai guda, abin da ido ke gani ne kawai zai raba gardama, wanda ya fi jari kuma shi zai fi samun galaba.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa fina-finan da aka karrama sun cancanci yabo ta fuskar fasaha, amma kyautar ba hujja ba ce ta ingancin Hausarsu, domin ba a kafa ta don auna wannan ba. Haɗarin shi ne masu shirya fim su riƙa rubutu domin mai karanta fassara, su manta da mai saurare. Saboda haka akwai buƙatar masu shirya gasa su bayyana ma'auninsu a fili, su kuma sanya masu jin harshen cikin alƙalan kowane fim. Su ma sassan koyar da harsunan Nijeriya a jami'o'i bai kamata su tsaya kallo ba. Ya dace su riƙa fitar da tarke mai zurfi a kan duk fim ɗin da ya yi fice, ko ma su kafa tasu kyautar ta sarrafa harshe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.