Kare a Ɗakin Likitan Haƙori

A wasu asibitocin haƙori na yara a Amurka, da yaro ya hau kujera sai a kawo horarren kare ya kwanta a cinyarsa. Yaro na shafa bayan kare, likita na aikinsa. Bahaushe zai ji abin banbaraƙwai, amma ni ina goyon bayansa, in an cika sharuɗɗa.

Tun 1962 Boris Levinson, masanin halayyar yara a birnin New York, ya rubuta yadda karensa Jingles ya sa wani yaro da ya ƙi magana ya saki jiki. Likitocin haƙori sun rungumi dabarar ne saboda tsoro ya fi ciwon kansa ba su wahala. Yaron da ya firgita ba ya buɗe baki. Sai dai a danne shi, ko a shaƙa masa iskar kwantar da hankali, wani lokaci ma har a sa shi barci gaba ɗaya. Wanda aka danne yana ƙarami kuwa, shi ne ke girma yana gudun asibiti, yana cusa kanumfari a kogon haƙori har kumatu ya kumbura. In kare zai rage wannan, wallahi ba ƙaramin alheri ba ne.

A 2019 Anne Gussgard ta Jami'ar Tromso da ke Norway da abokan aikinta sun zayyana haɗurran abin: cizo, ƙwayoyin cuta, da yaran da gashin kare ke tayar wa da ƙaiƙayi ko asma. Ba su manta da karen ba, domin ƙarar injin huda haƙori da sinadaran da ke zuba ƙasa suna iya cutar da shi. Wannan ya burge ni. Dabba ma tana da haƙƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne yardar iyaye. Ɗan gidan Musulmi da bai taɓa zama ɗaki ɗaya da kare ba, ko yaron da kare ya taɓa bi da gudu, ƙara masa firgici za a yi. A tambaya tun kafin ranar zuwa, kuma wanda ya ce a'a kada a ga baƙinsa.

Kare ba zai maye gurbin haƙurin likita ba. Asibitin da ba shi da lokacin yi wa yaro bayani, ya nuna masa kayan aiki kafin a taɓa bakinsa, ya fara gyara wannan tukuna kafin ya nemo kare.