Inda Nauyin Bindiga Yake Kwana

Ka miƙa wa tsohon maharbi a Gure bindigar da bai taɓa riƙewa ba, ka zuba ido. Ba zai fara leƙa bakinta ba. Zai kwantar da ita a tafin hannunsa, ya riƙa matsar da ita gaba da baya har ta tsaya cik, ba ta rinjaya ko'ina ba. Wurin da ta tsaya, nan nauyinta yake kwana, kuma daga nan yake gane halinta.

In nauyin ya taru a gindi, baki ya yi sakayau, to duk numfashi da bugun zuciya sai sun girgiza shi. Abin ba wasa ba ne: bindiga mai tsawon mita 1, in bakinta ya goce da milimita 1 kacal, harsashi zai kauce da santimita 5 a nisan mita 50. In kuwa nauyin ya ɗan rinjaya gaba, baki yakan natsu, lilonsa ya zama a hankali, har mai harbi ya samu sararin jan kunama. Amma in ya yi yawa, hannun hagu ya gaji, rawar da ake gudu ta dawo ta wata ƙofa. Gwaninta tana tsakanin nan, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsu ba.

Maƙeran da ke ƙera bindigar gida sun san wannan da hannu. Sukan rage icen ƙota kaɗan, su auna, su sake ragewa, gwargwadon tsawon hannun mai ita. Ƙasar Damagaram kuwa ta daɗe da sanin albarushi. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu har igwa ya sa aka ƙera masa a Zinder.

Abin da ke burge ni, 'yan gasar Olamfik ma wannan matsalar suke fama da ita. Suna harbi daga mita 10, suna neman ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, da bindigar iska da doka ta hana ta wuce kilo 5.5. Sukan ɗaura ƙananan ƙarafa a jikinta, su matsar da su kaɗan-kaɗan har saiti ya kwanta. Maharbin Gure ba shi da waɗannan ƙarafa. Shi hannunsa na hagu yake matsarwa, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya saki rabin numfashi, sannan ya taɓa kunama.