3.4 Jigon Kufai La'ananne: Birnin Tagulla da Kufan Satiru

A ƙagaggun labarai irin na aljannu da tsafi, kufai yawanci fada ce wadda masu ita suka ruɗu da duniya har halaka ta auka musu. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne labarin Birnin Tagulla na cikin Alfu Laila, inda Musa ɗan Nusairu ya tarar da ƙofofi a garƙame, kasuwa cike da kaya, mutane duk matattu, gawar sarauniya kuma bisa gado cikin ado. Abokin tafiyarsa da ya kai hannu ga adon nan, nan take aka fille masa kai. Wato la'anar tana gadin dukiyar fada ne, mai karatu kuwa wa'azi yake tashi da shi, ba tausayi ba.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan labarin Satiru, sai a ga bai zauna ba. Satiru ba fada ba ce. Ƙauye ne kudu da Sakkwato, tsakanin ƙasashen Boɗinga da Danchadi da Dange da Shuni, mazauninsa talakawa da malamai da bayin da suka gudo. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 Satirawa, ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, suka fatattaki rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku, ciki har da Razdan Hillary. Ranar 10 ga Maris aka komo da bindiga mai ruwa, aka kashe mutum wajen 2,000, aka ƙone garin. Daga nan Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya yi baki ga duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

Abin lura shi ne, a nan daga fada la'anar ta fito, ta sauka kan ƙauye. Ba dukiya take gadi ba, tunawa take hanawa. (Sifawa ma a ƙasar Boɗinga take, amma da yake Shehu Usmanu ya zauna can kafin ya koma Sakkwato a 1815, albarka ake dangantawa da ita.) Don haka manazarcin da ya jera Satiru cikin almarar kufai ya yi gaggawa, domin wanda ya yi bakin sananne ne, shekarar ma sananniya ce, kuma Turawan da suka rusa garin su da kansu suka rubuta yawan gawarwakin a rahotanninsu.