Pau, burodin da tururi ke dafawa

A Malesiya ana ce masa pau. Burodi ne fari tas, mai laushi, girman dunƙulen hannu, wanda ba ya shiga tanda. Tururi ke dafa shi kamar alkubus ɗinmu, sai dai shi miyarsa a cikinsa take. Asalinsa daga Sin ne, inda ake kiransa baozi. Sinawa 'yan ci-rani suka zo da shi, Musulmin Malesiya suka karɓa, suka cire naman alade, suka cusa abin da bakinsu ya saba da shi. Ɗaya daga ciki shi ne sambal ikan bilis, wato soyayyen yajin barkono da ƙananan busassun kifaye, irin waɗanda tsibirin Pangkor ya yi suna da su.

Gwanar pau ba ta fara taɓa fulawa sai ta gama da haɗin ciki, domin dole ya huce sarai kafin ya haɗu da kwaɓi. Za ta cire wa kifin kai da hanji, ta ɗauraye don rage gishiri, ta soya shi har ya yi ƙaras-ƙaras, ta kwashe. Busasshen barkono ta riga ta jiƙa shi a ruwan zafi, ta zubar da 'ya'yan, ta niƙa da albasa da tafarnuwa da ɗan belacan, wani ƙullin ƙananan jatan lande da aka bari ya tsima da gishiri. Wannan niƙan take zubawa a mai, a kan wuta kaɗan, tana juyawa. Abin da take jira ana ce masa pecah minyak: lokacin da mai zai rabu da yajin ya taso sama ja wur. Kafin nan barkono ɗanye ne, yana ƙona maƙogwaro. Malalaciya kan sauke tun da sauran ruwa, ruwan nan kuwa shi zai jiƙa cikin burodin ya bar shi caɓe-caɓe. Sai ruwan tsamiya da ɗan sukari, a mayar da kifin, a ci gaba da juyawa har haɗin ya tsaya a cokali ba ya ɗiga.

Kwaɓin ba shi da tarkace: fulawa mai laushi wadda ba ta da danƙo sosai, yis, sukari, ɗan mai, da ruwa kusan rabin nauyin fulawar. Ana murza shi minti 10 zuwa 15 har ya yi sumul, a rufe ya ninka. Daga nan a sake murzawa don fitar da iska, domin duk kumfar da ta rage za ta fito a fatar burodin kamar ƙurji.

Wajen naɗi hannu ke nuna kansa, kuma a nan ne abin ya fi burge ni. Tana yanko curi, ta murza shi faifai, amma tsakiya ta bar shi da kauri, gefe ya yi siriri. Dalili? Gefen ne za a tattaro a sama ya zama ninki-ninki, tsakiyar kuwa ita za ta ɗauki nauyin kifin. Faifan na tafin hagu da haɗin a tsakiyarsa, babban yatsan hagu na danna haɗin ƙasa, na dama da manuni suna tsinko gefe suna ninkawa, hannun hagu na juya curin a hankali, har bakin ya rufe. A birnin Tianjin na ƙasar Sin, gidan abinci na Goubuli ya shahara da ninki 18 a kan kowane ɗaya. A gida ba a ƙirga, abin da ake nema kada mai ya sami kafar fita.

Kowane curi a kan 'yar takarda yake zama, a bar shi ya ƙara tashi. Tana dangwala yatsa a hankali: in gurbin ya ciko sannu-sannu, ya yi. Madambacin gora ya fi, domin yana shanye gumi. Mai tukunyar ƙarfe sai ta naɗe murfin da tsumma mai tsabta, kada ruwa ya ɗiga ya ɓata fatar.

Minti 10 zuwa 12 a kan ruwa mai tafasa sun isa. In ta kashe wuta ba ta buɗewa nan take, sai ta bari kamar minti 5, ta ɗan zame murfin, tururin ya fita a hankali. Wadda ta yi garaje ta ɗaga, iska mai sanyi za ta bugi burodin, ya yamutse ya sace a kan idonta. Ana ci da zafinsa, da shayi ko kofi, wanda ya kwana kuma a mayar da shi madambaci ya sake laushi.