Hotunan Gidan Tarihi da Mutanen Kasuwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka duk wanda ya sami sukuni, ya kyautu ya ja abokansa su tafi gidan tarihi su kalli hotunan mutanen da. A Katsina gidan tarihin yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Amma fa mai kallo ya lura da abu guda. Dabarar ɗaukar hoto ba ta bayyana ga jama'a ba sai a 1839, can ƙasar Faransa, ba ta kuwa yawaita a wajenmu ba sai bayan da Turawa suka shigo Katsina a 1903. Mai na'urar galibi Bature ne, abin da ya ba shi sha'awa shi ya kan ɗauka. Shi ya sa in ka duba tsofaffin hotunan ƙasar Hausa, za ka tarar na sarakuna da hakimai da dawaki sun rinjaya. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya je Makka da Ingila a 1921. Ba a rasa hotunansa ba, ya kuwa cancanta. To, ina mutanen Babbar Kasuwa? Ina marina da dukawa da ma'auna, waɗanda harajinsu ya cika baitulmali? Ko sun fito a hoto, da wuya a rubuta sunayensu, sai ka ce ba su da iyaye.

Aibu na biyu shi ne, a gidajen tarihi da yawa da Turanci a ke rubuta bayanin hoto. Mutum ya sha wahala ya gama ajin yaƙi da jahilci, ga shi ya iya karatun Hausa sarai, amma sai ya tsaya yana kallo kamar bai taɓa riƙe fensir ba. Lalle ya kamata a riƙa sa Hausa tare da Turancin.

Mu ma da namu aikin. In za ku tafi kallo, ku gayyaci dattijo guda, domin shi zai shaida fuskoki da unguwanni. In kun koma gida, kowa ya fito da hoton mahaifinsa, ya juya bayansa, ya rubuta suna da sana'a da shekara. Hoton da ba suna, ran da mai shaida shi ya ƙaura, ya zama takarda kurum.