Baƙon Argungu Yana Kallo, Ba Ya Ɗanɗanawa

A ƙasashen da ake noman inabi, irin su Faransa da Afirka ta Kudu, mutanen birni kan fita gonaki musamman don su ga inda ake matse inabin, su ɗanɗana, su saya daga hannun mai gona. Manoman Stellenbosch a Afirka ta Kudu sun tsara wa baƙi irin wannan hanya tun 1971. Abin da suke shayarwa giya ce, kuma addininmu ya haramta ta. Amma dabarar kai mai ci har gindin abin da yake ci, wannan kam ta cancanci nazari.

Tafiyar da ta fi kusa da haka a kwarin Rima ita ce ta Birnin Kebbi zuwa Argungu, kusan awa guda a mota. Abin da ke jan mutane shi ne bikin kamun kifi, wanda ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama don ƙulla zumunci bayan doguwar gaba. UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Wanda ya ga dubban masunta sun ruga kogin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, ruwa ya koma taɓo, aka saɓo giwan ruwa a kafaɗa zuwa ma'auni, ba zai manta ba.

To amma bikin ya mai da baƙo ɗan kallo. Yana zaune a rumfa, ya tafa, ya koma masaukinsa. 'Yan kwanaki ne a shekara, kuma da aka yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin 2020, sai baƙi suka ɗauke ƙafa, kamar ba wani abin gani a garin.

Alhali kuwa fadama ba ta hutu. Ga noman rani kore shar. Ga mata suna turara shinkafa a manyan tukwane, su baza ta a rana tana tururi, ƙamshin gumi ya cika unguwa. Ga masu banda kifi, ga masu suyar masa. Masana'antar shinkafa ta WACOT tana Argungu tun 2017, ta Labana tana Birnin Kebbi, gidan tarihi na Kanta kuma tsohuwar fada ce da aka gina a 1831. Kowanne yana zaman kansa. Ba a ɗinke su sun zama tafiyar wuni ɗaya ba, wadda za ta ƙare da tuwon shinkafa da miyar kifi a gidan wanda ya noma ko ya kamo.

Masarauta da gwamnatin jiha, aikin ba ya buƙatar sabon gini. A horar da samarin da za su yi wa baƙi jagora, a yanke wa masu gumi da masunta ladan karɓar baƙo, a fara da ɗaliban makarantun Birnin Kebbi.