Ɗalibai da Al'adar Sake Awo a Binciken Mutum da Na'ura

A jami'o'i da yawa ana ɗaukar binciken ɗalibi a matsayin atisaye, aikin neman maki da za a ɗaure da bango mai kauri a jera a kanta. Amma akwai wani reshe nasa da ya cancanci nazari. Shi ne inda ɗalibi ke ɗauko abin da manya suka riga suka yanke hukunci a kai, ko na'urar da kamfani ya ce ba ta da aibu, ya sake aunawa da hannunsa. Tsakanin 2013 da 2018 irin wannan aiki ya girgiza masana da kamfanoni har sau uku a Amurka, a fannoni uku daban.

Na farko a fannin tattalin arziki ne. A 2010 fitattun masana biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa maƙalar da ta nuna cewa ƙasar da bashinta ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, tattalin arzikinta kan tsaya cak. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Thomas Herndon, ɗalibi mai karatun gaba da digiri a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, an ba shi aikin aji ne kawai: ya zaɓi maƙala ya maimaita lissafinta. Ya buga, ya sake bugawa, lissafi ya ƙi fita. Da ya karɓi jadawalin Excel daga hannun marubutan, sai ya tarar an tsallake ƙasashe biyar wajen haɗa jimla: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Bayan shi da malamansa biyu sun gyara wannan da wasu matsalolin zaɓen alƙaluma a 2013, bunƙasar da aka ce tana ƙasa da sifili ta koma kashi 2.2.

Na biyu ya shafi mota. Wata 'yar tawaga a Jami'ar West Virginia, da ɗalibai a cikinta, ta ɗora na'urar auna hayaƙi a but ɗin motocin dizal, ta bi da su titunan Kalifoniya maimakon ɗakin gwaji. Rahotonsu na 2014 ya nuna cewa hayaƙi mai cutarwa da Volkswagen Jetta ke fitarwa a kan titi yana kaiwa ninki 35 na abin da doka ta yarda. Daga baya aka gano an dasa wa motocin Volkswagen manhajar da ke gane lokacin gwaji, sai su rage hayaƙi, su koma halinsu da zarar sun hau hanya. A 2015 kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11.

Na uku aikin Joy Buolamwini ne, ɗaliba 'yar asalin Ghana a MIT. Ta lura manhajar gane fuska ba ta ganin fuskarta sai ta sa farin abin rufe fuska. Sai ta tattara hotunan 'yan majalisa 1,270 daga Ruwanda, Senegal, Afirka ta Kudu, Ayislan, Finlan da Suwidin, ta gwada manhajojin Microsoft, IBM da Face++. Sakamakon da ta fitar tare da Timnit Gebru a 2018 ya nuna kuskure bai wuce kashi 0.8 ba a kan fararen maza, amma ya kai kashi 34.7 a kan mata baƙaƙe.

Abin da ya haɗa ukun shi ne babu wanda ya zo da sabuwar falsafa. Kowannensu ya yi abin da mai sayen hatsi ke yi idan ya ce a sake auna masa da mudunsa. Tambayoyinsu kuma biyu ne: wa aka bari a waje wajen ƙidaya, kuma yaya abin yake idan mai sa ido ya kau da kai? Ɗalibi ya fi dacewa da yin su, domin bai riga ya gina sunansa a kan tsohon sakamako ba, kuma yana da haƙurin bin jadawali layi bayan layi.

Sai dai al'adar tana da iyaka. Motoci uku kacal tawagar West Virginia ta gwada, kuma rahotonta bai tabbatar da ha'inci ba, sai da hukumomin kare muhalli suka karɓi batun. Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren jadawali, amma sun musanta sauran suka. Sake awo yana nuna inda aka kauce, ba lallai ya faɗi dalili ba. Kuma ɗalibin da zai ƙalubalanci babba yana buƙatar malamin da zai tsaya masa, da marubutan da za su saki alƙalumansu.

A nan darasinmu yake. Furojek ɗin jami'o'in Najeriya ya fi karkata ga babi biyar da takardar tambayoyi, kuma akan yi watsi da maudu'i da zarar an ce wani ya taɓa yin sa. Alhali aikin awo yana nan jibge. Tun 2013 Google Translate ke fassara Hausa. Ɗalibin harshe zai iya auna yadda take yi da baƙaƙe masu lanƙwasa, ko karin Sakkwato da na Damagaram. Ɗalibin zamantakewa zai iya maimaita wani gwaji da aka yi a kan ɗaliban Amurka, ya ga ko sakamakon ya tsaya a kasuwar Kurmi. Ya kamata sassan jami'a su amince da sake awo a matsayin cikakken furojek, su kuma wajabta wa ɗalibi ya miƙa ɗanyen alƙalumansa tare da kundinsa, domin na bayansa ya samu abin dubawa.